Sautun Kayan Sauti Daga Ƙasashen Waje: Inda Ribar Take Da Inda Take Zubewa

Duk wanda ya yi wayo a garin Kontagora cikin shekarun 1970, da wuya ya manta da ranar dawowar alhazai. Ban da zamzam da dabino da carbi, tsarabar da aka fi zuba wa ido ita ce rikoda mai cin kaset, ƙirar National ko Sony ko Sanyo, wadda aka sayo a kantunan Jidda. Mutum yakan damƙa wa maniyyaci kuɗinsa tun kafin tashi, ya kwatanta masa irin wadda yake so, sa'an nan ya koma ya zauna jira. Wannan shi ne sautu, kuma a wancan zamani yana da riba ƙwarai, domin har zuwa 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja.

To, sautu bai mutu ba, riga kawai ya sake. Yanzu akwai kamfanoni waɗanda sana'arsu ke nan. Suna da ɗakunan ajiya a Amurka ko Ingila ko Dubai ko birnin Guangzhou na ƙasar Sin, sai su ba mutum adireshin ɗakin tare da lamba tasa. Yana zaune a Kontagora sai ya sayi abin da yake so ta intanet daga kantin da ba ya aiko da kaya Nijeriya, ya ce a kai wannan adireshi. Kamfanin ya karɓa, ya auna, ya faɗi ladansa, ya ɗoro kayan a jirgin sama ko na ruwa zuwa Legas ko Kano ko Abuja. Wasu daga cikin kamfanonin na Amurka da gangan suka kafa ɗakunansu a jihar Delaware ko Oregon, saboda a can ba a ɗora harajin ciniki a kan kaya.

Masu sha'awar wannan hanya a ƙasar Sarkin Sudan ba 'yan gayu kaɗai ba ne. Akwai kwamitocin masallatai da suka gaji da lasifikar da ke shaƙe muryar liman rabin huɗuba. Akwai makarantun Islamiyya, da samarin da ke ba da hayar kayan sauti a wurin biki da walima, waɗanda abincinsu ke nan. Dalilinsu kuwa biyu ne: farashi, da tsoron jabu. Makirufo ƙirar Shure SM58, alal misali, tana cikin kayan da aka fi kwaikwaya a duniya, har wani lokaci mai kanti da kansa bai san ta jabu ya saro ba. Wanda ya saya kai tsaye daga amintaccen kanti a waje ya tsira daga wannan. Amma kuɗin masallaci amana ne, tarin taro da sisin jama'a ne, saboda haka ya kamata a yi lissafi tun kafin a biya.

Lissafin farko shi ne na awo, kuma nan ne mafi yawan ribar take zubewa. Kamfanonin jigila ta sama ba nauyin kaya kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kwali zai cinye a cikin jirgi. Sukan auna tsawo da faɗi da tsayin kwalin da santimita, su ninka su, su raba da 5,000, wasu kuma da 6,000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma. Sai su gwada shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa a kansa za a biya. A ɗauki akwatin lasifika mai kilo 20, wanda kwalinsa ya kai santimita 80 da 60 da 50. In aka ninka an sami 240,000, in aka raba da 5,000 an sami kilo 48. Ashe mai kaya zai biya ladan kilo 48 ne a kan abin da ya ɗauka kilo 20 ne, kuma lasifika ba a sayen ɗaya, sai biyu. Akwatin lasifika kuwa galibinsa katako ne da iska, wato mutum ya biya Dala ke nan don a ɗauko masa iskar Amurka. Har wa yau, akwai maganaɗisu a cikin lasifika, akwai batirin litiyam a cikin ƙananan na hannu, dukansu biyu suna da ƙa'idodi na musamman a jirgin sama, abin da kan jawo ƙarin kuɗi ko jinkiri. Jirgin ruwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai jiran yakan kai wata biyu ko fiye.

Bayan awo sai kuɗin fito. Kwastan ba a kan farashin kanti kaɗai suke lissafi ba, sukan haɗa da ladan jigila da na inshora, sa'an nan a ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020. Sai dai a watan Satumban 2025 Hukumar Kwastan ta ba da sanarwar yafe kuɗin fito a kan ƙananan saƙonnin da darajarsu ba ta wuce Dala 300 ba, har sau huɗu a shekara. Wannan ya taimaki mai sayen makirufo ko abin saurare na kunne, amma bai shafi mai sayen babbar amfilifaya ba.

Sa'an nan ga maganar wuta, wadda ita ce ta fi jawo kuka. Wutar lantarkin Nijeriya tana da ƙarfin bolt 230, ta Amurka 120, ta Japan 100. Amfilifayar da aka ƙera don kasuwar Amurka kaɗai, in aka jona ta a bango a Kontagora ba tare da taransifomar rage wuta ba, ƙauri kawai za a ji, shi ke nan an gama. Kafin a saya sai a duba rubutun da ke bayanta. In an ga 100-240V, to, tana cin kowace wuta. In 120V kaɗai aka gani, sai an haɗa da taransifoma, ita kuma in ta babbar na'ura ce tana da nauyi da tsada. Akwai kuma bambancin bugun wutar, 50 a nan, 60 a Amurka, wanda kan sa wasu injinan faifan garmaho su riƙa juyawa a hankali, murya ta yi kauri. Hatta rediyon FM na Amurka yakan tsallake wasu lambobi, ya kasa kama tashar da ta faɗo a tsakani. Kayan Ingila da na Dubai ba su da wannan matsala, wutarsu da bakin filoginsu mai ƙafa uku duk irin namu ne.

Ko an dace da wannan, saura wutar garin kanta. Jihar Neja ce mai madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mutanen Kontagora sun san yadda wuta kan zo da rauni, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Na'ura mai tsada ba ta jure wannan wasa, balle ƙaramin janareta. Kuɗin sitabilaiza mai kyau dole ya shiga lissafi tun farko.

Canjin kuɗi ma ba a bar shi a baya ba. A farkon 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin shekarar, sai ga ta ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya biya kuɗin kaya a wata ɗaya, ya zo biyan jigila a wani watan, yana iya tarar da lissafinsa ya rushe.

Takardar garanti kuwa galibi a ƙasar da aka sayi kayan take aiki. In na'ura ta iso da lahani, mayar da ita ya kusa kuɗin sayen wata. Kuma kamfanin jigila a Legas ko Abuja yake sauke nauyinsa; daga nan sai motar haya ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta Minna da Tegina, a ƙarƙashin buhunan wasu. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, shi ya sa har gobe masu sayen manyan lasifikoki sukan gwammace su je Alaba a Legas ko Sabon Garin Kano, a jona musu, su ji da kunnensu, su yi ciniki.

Abin da ya rage wa sautun zamani, ke nan, shi ne ƙaramin abu mai tsada, marar nauyi, mai cin kowace wuta ko wanda ba ya bukatarta: makirufo na ainihi, abin saurare na kunne, ƙaramar na'urar haɗa murya, ko kan allurar garmaho. A nan mutane uku ko huɗu suna iya haɗa sayayyarsu a kwali ɗaya su raba ladan jigila. Amma ga ƙahon lasifikar da za a ɗaure a kan hasumiya, rana ta doke shi, ƙurar hunturu ta rufe shi, irin su Ahuja ta Indiya da ake samu a kasuwannin gida sun fi dacewa, domin in ta ƙone mai gyaran rediyo na cikin gari ya san cikinta, kuma kayan gyaranta ba sai an jira jirgi ba.