Titi Ba Na Mai Mota Kaɗai Ba Ne: Zancen Hanyar Ƙafa Da Danja A Keffi

Duk ɗan Keffi mazaunin Ikko ko Ibadan wanda ya je gida hutun Salla zai shaida cewa garin ya sake kama. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma kafa Jami'ar Jiha a garin, jama'a suke ta kwarara. Ga Abuja a kusa, tafiyar kamar kilomita 50, ga kuma hanyar Akwanga da Lafiya da Makurɗi wadda aka mai da ita tagwaye. Motoci sun sami hanya. To, mai tafiya a ƙasa fa?

A ɗauki Tudun Ƙofa misali, ɗaya daga cikin mazaɓun cikin gari. Unguwanni irin wannan an kafa su ne tun zamanin doki da jaki. Yau kuwa tsoho mai zuwa masallaci, da yarinya 'yar makaranta, da makaho da sandarsa, da gurgu a kan kekensa, duk kan kwalta ɗaya suke gogayya da 'yan acaɓa da manyan motoci. Injiniyoyi sun daɗe da sanin maganin wannan, kuma maganin awo ne.

Da farko dai hanyar ƙafa ta gefen titi. Faɗinta ya kamata ya kai mita ɗaya da rabi, in ana so keken guragu biyu su yi kiciɓis ba wanda ya sauka kan kwalta. A rufe lambatu da murfi mai ƙwari, kada a kafa turken lantarki a tsakiya, 'yan tireda kuma a ba su wurinsu daban. A kowace mahaɗa a sassaɓe bakin daɓen ya zama gangara mai sauƙi: in tsayin daɓen santimita 15 ne, tsawon gangarar ya zama santimita 180, watau ninki 12. In ta fi haka tsayuwa, gurgu ba zai iya hawa shi kaɗai ba.

Makafi kuma akwai nasu tanadi. Wani mutumin Japan, Seiichi Miyake, shi ya ƙago daɓe mai ƙuraje, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. Makaho na taka shi, ko sandarsa ta taɓa, ya san ya iso bakin titi.

Sai zancen danja. Ba kafa fitila ne aikin ba, lissafin daƙiƙoƙinta. Akan ɗauka lafiyayyen mutum yana cin mita 1.2 a daƙiƙa guda, saboda haka titi mai faɗin mita 15 zai ɗauke shi daƙiƙa 13. Tsohuwa mai dogara sanda kuwa tana iya bukatar kusan 20. In aka yi lissafi da ƙafar saurayi, ita a tsakiyar titi motoci za su rutsa ta. Haka kuma a sa wa danjar ƙara, don wanda ba ya gani ya ji.

In danja ta yi yawa a titi ɗaya, tilas a haɗa kansu. Misali, in tsakanin biyu akwai mita 500, kuma gudun da aka ƙayyade kilomita 40 ne a awa, sai a sa ta biyun ta ba da hannu daƙiƙa 45 bayan ta farko. Direban da ya bi ƙa'ida zai wuce sumul, mai gaggawa kuwa ja zai tarar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30, tara cikin goma suna rayuwa, amma in gudun ya kai 45, ko rabi ba sa kaiwa. Sai dai danja ba wuta gunki ce, don haka a haɗa ta da na'urar hasken rana, a kuma ajiye masu gyara.

Kada wani ya ce wannan alfarma ake roƙo. Dokar hana nuna bambanci ga nakasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ambaci hanyoyin ƙafa da wuraren tsallaka titi, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

To, 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, kun ga gadojin ƙafa masu dogayen matakala, kun kuma ga yadda guragu da tsofaffi kan gwammace su ratsa titi da ransu a hannu. Kada a bari a maimaita wannan a gida. Ƙungiyoyinku na 'yan gari suna da baki wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Ayyuka. Duk lokacin da aka ce za a yi titi a unguwarku, ku nemi a nuna muku zanen tun ba a zuba kankare ba, ku tambayi faɗin hanyar ƙafa, da inda gangara take, da daƙiƙa nawa aka ba mai tsallakawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya kiyaye mu da haɗarin hanya, amin.