Rufin Kwano da Igiyar Malafa

Manomin da zai sayi malafa a kasuwar Kankiya ba kyan saƙa kaɗai yake dubawa ba. Yakan ɗora ta a ka ya ga ko inuwarta ta rufe masa ƙeya, ya duba ko iska za ta ratsa saƙar, sannan ya ja igiyar haɓa ya ji ƙwarinta. Ya san malafar da ba ta da igiya, ranar da hadari ya taso a gonar maƙwabci za a tsinto ta. Amma mutumin nan, in ya tashi rufa ɗaki a Kunduru, ko zai sayo kwantena ya kafa shago, tambayarsa ɗaya ce: nawa ne?

Da can ba a damuwa da igiyar rufi. Ɗakin soro na tubali da azarar giginya nauyinsa ne igiyarsa, kuma kaurin bangon yana riƙe sanyin dare har azahar. Sai dai kowace shekara yana neman yaɓe da gyaran indararo, giginya kuma ta yi ƙaranci. Shi ya sa aka koma kayan da aka ƙera a wani wuri, a sauke daga mota a harhaɗa: kwano, ƙofar ƙarfe, taga, har da ɗaki sukutum.

Hadarin farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni, daga gabas yake zuwa, kuma iska ke riga ruwa isowa. Ba tura rufi take yi ba, ɗaga shi take, kamar yadda take shiga ƙarƙashin bakin malafa. Daga gefe da kusurwa take fara ɓamɓara, in kuma ta sami taga a buɗe ta gabas, sai ta cika ɗakin ta tunkuɗo daga ciki. A nan ne lissafin ke da wuya. Malafa mai faɗin baki ta fi inuwa, ita ce kuma iska ta fi kamawa. Haka bakin kwanon da ya zarce bango: yana kare shi daga rana da feshin ruwa, amma sai an ɗaure shi da gaske. Masu dabara kan ɗaga rawani ya ɓoye bakin kwanon ta gabas, su bar zarcewar ta sauran ɓangarori.

Ɗaurin kuwa langa-langa ne ko rodi, a binne shi cikin linta ko a zagayo da shi ƙarƙashin layin bulo biyu ko uku, sannan a naɗe katakon. Wanda aka buga da ƙusa a saman bulo kawai ado ne. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake buga ta, a ƙara yawanta a gefe. Katakon a shafe shi da baƙin mai saboda gara, don ƙusar da ke cikin ruɓaɓɓen katako ba ta riƙe komai. Shi kansa kwanon, bandir ɗaya falle 20 ne ko mai kauri ko mara kauri, kuma lambar geji tana yaudara: 32 ya fi 28 sirantaka. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake gani a kan rufi shaida ce cewa mai gidan bai amince da aikin kafintansa ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, inda ake ƙera gida a masana'anta a jawo shi da mota, guguwar Andrew ta 1992 ta ragargaza irin gidajen nan a Florida, har aka tsaurara dokar ƙera su a 1994. Babban abin da ake dubawa a can shi ne ɗamarar ƙarfen da ke ɗaure gidan da turakun da aka kafa a ƙasa. Langa-langa ce dai, ta masu kuɗi.

Kwantena ita matsalarta zafi. Mai ƙafa 20 ta haura tan biyu, ba kowace iska ke motsa ta ba, amma a bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ƙarfen ba ya taɓuwa. A ɗora ta a kan dakali kada ruwa ya ci gindinta, a shafa mata farin fenti, a yanka taga biyu masu kallon juna, kudu da arewa. Sannan a yi mata rumfar kwano a sama da tazarar da iska za ta wuce, rumfar a yi mata walda da jikin kwantenar. Ɗakin bulo ma haka: silin, da 'yan ƙofofin iska a sama da shi, sun fi fanka amfani ranar da ba wuta.

Bedi na ba da inuwa mai kyau ta yamma, amma wanda ke gabas dab da ɗaki a sassabe rassansa tun watan Afrilu, kada iskar hadari ta karyo su kan rufi. Farantin sola kuma a ɗaure shi da katakon rufin, ba da fallen kwano ba, in ba haka ba tare za su tashi.