Ragin tabarau ga ma'aikatan ceto a Amurka: godiya ce ko ciniki?

A Amurka, ɗan kwana-kwana ko ma'aikaciyar jinya da ke son tabarau na Oakley ko Ray-Ban ba lalle ne su biya kuɗin da kowa ke biya ba. Kamfanonin suna yi wa wasu rukunin ma'aikata ragi na musamman: sojoji, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, kuma a baya-bayan nan har da likitoci da masu jinya. Oakley na da wani shiri mai suna Standard Issue wanda aka gina domin sojoji da jami'an tsaro da na ceto. A talla ana kiran abin godiya ga jarumai.

Martabar waɗannan ma'aikata ta ƙaru sosai bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ranar da 'yan kwana-kwana 343 na birnin New York suka rasa rayukansu. Annobar korona ta 2020 kuma ta shigar da ma'aikatan asibiti cikin sahun. Duk kamfanin da bai ce musu sannu ba a lokacin, sai ya zama kamar marar tausayi.

Buƙatar ma'aikatan ga tabarau gaskiya ce. Wanda ke wuni a bakin titi yana ciro mutane daga motar da ta yi hatsari, hasken rana da ke dawowa daga kwalta da gilasan motoci yana gajiyar masa da ido. Akwai kuma haskoki da ido ba ya gani, waɗanda ake kira UV, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin abubuwan da ke jawo yanar ido. Tabarau mai alamar UV400 yana tare su. Mai alamar ANSI Z87.1 kuwa an gwada shi ne a kan jure bugu, don kada tsakuwa ko ɓarɓashin ƙarfe ya fasa shi ya shiga ido, kuma wannan alama ta fi sunan kamfani amfani ga mai aikin ceto. Gilashin da ke kashe ƙyalli yana da daɗi a tuƙi, sai dai yakan duhunta wasu allunan na'urori, abin da ma'aikacin motar asibiti da ke karanta bugun zuciyar majinyaci ba zai so ba.

Ba tsada ce ke kare ido ba. Robar da ake yin gilasan kariya da ita, wato folikabonet, tana tare kusan dukkan hasken UV da kanta, kuma ana samun tabarau ɗinta da 'yan daloli. Wanda ya kamata a guda shi ne baƙin gilashi marar kariya, irin wanda ake shanyawa a tire a kasuwa: duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken mai cutarwa ya sami ƙofa.

To daga wane farashi ake ragin? Kamfanin Luxottica na Italiya, wanda Leonardo Del Vecchio ya kafa a 1961, ya sayi Ray-Ban a 1999, ya sayi shagunan Sunglass Hut a 2001, sannan ya haɗiye Oakley a 2007 a kan kusan dala biliyan 2.1. A 2018 ya haɗe da Essilor na Faransa. Wanda ke ƙera kaya, yake riƙe da sunayen da ake takama da su, kuma shagon sayarwar ma nasa ne, yana da ta cewa sosai a kan farashi. Idan ya yi ragi, a cikin ribarsa ya ɗan matsa. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan: a ɗora, sannan a ce "don kai ne". A sakamako kamfani ya sami masu saye da ke da albashi tabbatacce, ya kuma sami fuskar ɗan kwana-kwana tana yawo da tambarinsa a gari ba tare da ya biya kuɗin talla ba.

Akwai wani biyan kuma da ba na kuɗi ba. Kafin a ba ka ragin sai ka tabbatar da aikinka ta hannun kamfanonin tantancewa irin su ID.me, SheerID ko GovX. Za ka miƙa suna da wurin aiki, wani lokacin har da hoton katin shaida ko lasisin aiki. ID.me ɗin nan ne hukumar harajin Amurka ta so tilasta wa jama'a amfani da fasaharsa ta gane fuska, har sai da surutu ya yi yawa ta janye tilascin a watan Fabrairun 2022.

Ban ce ma'aikaci ya ƙi karɓa ba. Kuɗin da ya rage a aljihu kuɗi ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zana iyakar waɗanda suka cancanta. Tantancewar ta fi sauƙi ga mai lasisi ko katin hukuma. Mai sharar ɗakin majinyata, mai wankin zannuwa, da mai tura gadon marar lafiya, waɗanda sau da yawa ɗan kwangila ne ke ɗaukar su aiki, sun shaƙi iska ɗaya da likita a 2020, albashinsu na cikin mafi ƙanƙanta a asibitin, kuma su ne suka fi shan wuya wajen samun takardar da kamfanonin tantancewar za su karɓa.