Jirgin Yaƙi a Kan Tebur: Darasin Ma'auni Daga Dreadnought

A ranar 10 ga Fabrairu, 1906, aka tura wani jirgin yaƙi cikin teku a tashar Fotsmot ta Ingila, aka raɗa masa suna Dreadnought, wato maras tsoron kome. Tsawonsa ya ɗan haura mita 160, nauyinsa kuwa kimanin tan 18,000. Yana ɗauke da manyan igwa goma, faɗin bakin kowace inci 12, ga kuma injin tururi irin na Charles Parsons da ke ba shi gudun kilomita 39 a sa'a. Fitowarsa ta mayar da sauran jiragen yaƙin duniya tsohon yayi. A shekarar 1921 aka sayar da shi don a farfasa, saboda haka mai son ganin siffarsa sai ya nemi hoto, ko ya gina samfurinsa, wato ƙaramin kwatankwacinsa.

Aikin farko shi ne zaɓen ma'auni. Idan ɗalibi ya ɗauki 1:350, ma'anarsa duk abin da ya auna a jikin jirgi zai raba shi da 350. Da haka tsawon samfurin zai zama santimita 46. Sulken ƙarfen gefen jirgin, wanda kaurinsa ya kai inci 11, zai koma ƙasa da milimita ɗaya. Kuskuren milimita ɗaya a tebur daidai yake da kuskuren santimita 35 a jirgi, don haka aunawa sau biyu ta fi yanka sau biyu.

Ana iya aikin da sassan roba da ake sayarwa a kwali, ko kuma da katako mai taushi da kwali mai kauri. Akan fara da gangar jirgi, a shimfiɗa daɓensa, sannan a ɗora ɗakunan igwa biyar: uku a jere a tsakiya, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Gam kaɗan ya wadatar, domin ɗigo guda da ya tsallake sai ya rufe taga. Wajen kafa doguwar sandar nan mai ƙafa uku ne ɗalibi zai gano kuskuren masu zanen jirgin da idonsa: sun kafa ta a bayan bututun hayaƙi na gaba, har hayaƙi da zafi suka riƙa addabar masu hangen abokan gaba da ke zaune a samanta.

Fenti ma yana bin dokar ma'auni. Shafi mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita tamkar santimita uku da rabi ne a jirgi, shi ya sa ake tsinka fenti a shafa sau biyu ko uku, ana jira kowane ya bushe. Saman jirgi ruwan toka ne, amma gwanaye kan ƙara masa ɗan fari. Dalili kuwa, kallon samfuri daga mita ɗaya kamar hangen jirgi ne daga mita 350, kuma iska kan kashe kaifin launi, yadda dutse mai nisa kan yi fari-fari a lokacin hunturu. Ƙasan jirgi kuma ja ake shafawa, a kwaikwayi fenti mai guba da ke hana gansakuka da ƙananan halittun teku mannewa su rage gudu.

Babban darasin yana cikin nauyi. Tsawo ya ragu sau 350, faɗin fili ya ragu sau 122,500, amma girman ciki ya ragu sau 42,875,000. Raba tan 18,000 da wannan adadi zai ba da giram 420 kacal, ƙasa da rabin kilo. Wannan ita ce dokar da Galileo ya bayyana a 1638, kuma ita ke mulki a jikin dabbobi. Nauyi ya fi kaurin ƙashi saurin ƙaruwa, shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta barewa kuwa kamar sanda. Malamin da ya ajiye samfurin a gaban aji, da ma'aunin awo a gefensa, ya sami hanyar koyar da lissafi, tarihi da ilmin halittu a darasi guda.