Ciwon Ƙoda: Cutar Da Ke Cin Jiki, Ta Ci Dukiya, Ta Gwada Zumunci

Duk ɗan kasuwar Wuse a Abuja da likita ya shaida masa ƙodarsa ta gaza, to daga ranar nan zaman rumfa ya gagare shi. Wankin ƙoda, watau tace jini da inji, yakan ɗauki kamar awa huɗu, sau uku a mako, mutum kuwa ya tashi a galabaice. A ƙayyade masa ruwan sha, a rage masa gishiri, har tuwon gidan biki ya zama sai kallo.

Amma abin da ya fi nauyi yana cikin zuci. Magidancin da ya saba bayarwa ya koma miƙa hannu, jari ya narke, masu zuwa dubiya su yi ta raguwa, sai baƙin ciki da rashin barci su shigo. In aka zo maganar dashe kuma, wane ɗan'uwa zai ba da ƙodarsa? Nan ne ake gwada zumunci, domin Dokar Lafiya ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki.

Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta bayyana rage kuɗin wanki zuwa N12,000 a wasu asibitocinta, har da na Jabi. Sauran aikin na dangi ne: rakiya zuwa asibiti, da hira, da rufin asiri. Masu hawan jini da ciwon sukari kuwa, su riƙa zuwa awo tun da wuri.