Pierre-Amand Landry: Jikan Korarru da Ya Zama Alƙali

A bana na zaɓi in kawo muku labarin wani mutumin Kanada. Tun da na karanta tarihinsa nake tambayar kaina: idan aka tarwatsa al'umma, da me za ta sake miƙewa?

Bari mu fara da mutanensa. Akadiyawa zuriyar Faransawa ne da suka zauna a gabashin Kanada, bakin teku. A shekarar 1755 Turawan Ingila suka fara kwashe su a jiragen ruwa suna watsa su ƙasashe daban-daban, saboda sun ƙi yin rantsuwar biyayya ba tare da sharaɗi ba. Kimanin mutum 10,000 aka kora. Waɗanda suka dawo sun tarar an ba wasu gonakinsu, suka zauna cikin talauci, ba mai jin muryarsu.

Cikin waɗannan mutane aka haifi Landry a 1846, a garin Memramcook na lardin New Brunswick. A wannan shekara ce aka zaɓi mahaifinsa, Amand, wakili a majalisar lardin. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron ya yi karatu a Kwalejin Saint-Joseph, ya taɓa aikin malanta, sa'an nan ya koyi aikin lauya. A 1870, yana ɗan shekara 24, aka zaɓe shi wakilin gundumar Westmorland.

To, a nan ne jarrabawa ta zo. A 1871 gwamnatin lardin ta kafa dokar makarantu wadda ta hana koyar da addini a makarantun da haraji ke riƙewa. Akadiyawa 'yan Katolika ne masu jin Faransanci, don haka suka ga za su biya harajin makarantar da ba tasu ba. Landry ya ƙi dokar a fili, ko da yake masu goyon bayanta sun fi yawa. A zaɓen 1874 ya faɗi. Da rikici ya ɓarke a Caraquet a 1875, har mutum biyu suka mutu, yana cikin lauyoyin da suka kare Akadiyawan da aka kama.

Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1878 ya koma majalisa, ya zama ministan ayyuka, Ba'akadiye na farko da ya riƙe minista a lardin. Shi ya shugabanci babban taron Akadiyawa na 1881, inda suka tsai da 15 ga Agusta ranar bikin al'ummarsu, da na 1884, inda suka zaɓi tutarsu. Daga 1883 zuwa 1890 ya wakilci Kent a majalisar tarayya. A 1893 ya zama alƙalin babbar kotun lardin. A 1916 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta "Sa", a shekarar kuma ya rasu.

Amsar tambayata ke nan: Akadiyawa ba da yaƙi suka miƙe ba, da makaranta ne. Landry ya koyi harshe da dokar waɗanda suka kori kakanninsa, amma bai yar da nasa harshen ba. Iyayenmu, ku ci gaba da sa mu makaranta. Mu kuma ɗalibai, kada mu manta gida.