Amyar Zamani da Ƙaramin Manomi

Kiwon ƙudan zuma tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun kafin a san akwati, manomi kan saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, sannan ya ɗora ta a kan reshen ɗorawa ko tsamiya ko kaɗanya. Idan ƙuda ya shiga sai a ƙyale shi har bazara. Ranar ɗiba kuwa da dare ake zuwa, da bakin wuta a hannu. Wutar ta kashe na kashewa, sauran su watse, a kwashe duk abin da ke ciki, saƙar zuma da ta 'ya'ya da ƙwai, a matse wuri guda. Irin wannan zuma takan fito da ƙaurin hayaƙi da toka, kuma ba ta jimawa take tsami. Asarar da ta fi ciwo ita ce ta ƙudan kansa, domin kowace shekara sai mai amya ya koma zaman jiran sabon ayari.

Wannan ɓarna ce amyar zamani ta zo magancewa. Asalinta daga Amurka ne, inda wani limamin coci mai suna Lorenzo Langstroth ya yi wa akwatinsa rajista a shekarar 1852. Ya lura cewa idan tazarar da ke tsakanin saƙa da bango ta tsaya a kimanin milimita 6 zuwa 9, ƙuda yakan bar ta a matsayin hanyar wucewa. In ta fi haka faɗi sai ya cike ta da saƙa, in ta gaza kuma ya liƙe ta da danƙo. Da wannan awo ya yi akwatin da ake iya zaro kowace saƙa a duba, a mayar da ita ba tare da an fasa komai ba.

Sai dai akwatin Langstroth yana da tsada, yana buƙatar kafinta mai awo na ƙwarai, ga na'urar tatsar zuma da ba kowane ƙauye ke da ita ba. Shi ya sa a farkon shekarun 1970 aka samar da wani mai sauƙi a Kenya, da hannun masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada. Siffarsa kamar komin shayar da dabbobi, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, an jera sandunan katako a bakinsa sun zama rufi. Ƙuda yakan rataya saƙa ɗaya a jikin kowace sanda, kuma karkatar bangon tana rage masa liƙa saƙar a gefe. Ga ƙaramin manomi wannan shi ne ya fi dacewa, tunda kafintan gari zai iya yin sa da katakon da ke kusa.

Wuri ɗaya ne ba a sassauta wa kafinta, wato faɗin sandar. Ga ƙudan Afirka, wanda ya ɗan fi na Turai ƙanƙanta, ana yanka ta milimita 32. A tsakiyarta ake tsaga ɗan layi a zuba narkakken kaki, domin ƙuda ya bi shi wajen fara gini. Idan awon ya kuskure, sai ya gina saƙa a gicciye ta haɗe sanduna uku ko huɗu. Ranar da aka zo ɗaga ɗaya sai saƙar ta yage, zuma ta kwarara a kan 'ya'ya, ƙuda ya fusata. Akwatin da ya kai wannan hali bai fi amyar ciyawa da komai ba, ga kuɗin katako an kashe.

Wurin ajiye amya yana son inuwa, da ruwa a kusa, da nisa daga gidaje da turken dabbobi da hanyar yara, saboda ƙudan yankinmu mai zafin kai ne. Ana rataya akwatin da waya ko a ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe daidai ƙugun mutum, a shafa baƙin mai a ƙafafun don hana tururuwa da gara hawa. A share ciyawar da ke kewaye tun kafin lokacin gobarar daji. Da rani kuma a ajiye kasko da ruwa, a jefa tsakuwa ko karare a ciki don ƙuda ya sami wurin sauka. Ƙishirwa da yunwa da yawan damu su ne ke sa ayari ya tashi gaba ɗaya ya bar akwati wayam.

A cikin amya sarauniya ɗaya ce, aikinta ƙwai, kuma a lokacin yalwa takan saka fiye da 1,000 a rana. Ma'aikata duk mata ne, daga ƙwai zuwa fitowa kimanin mako uku, sannan su yi wajen mako shida suna aiki. Su ne ke kwaso ruwan fure, su yi ta fifita shi da fukafukai har ruwan da ke ciki ya ragu zuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, sannan su rufe bakin ramin da farin kaki. Wannan murfi shi ne shaidar zuma ta nuna. Wadda aka ɗiba kafin a rufe ta za ta yi kumfa ta yi tsami a cikin jarka, komai tsabtar mai ita.

Furannin da ƙuda ke dogaro da su a nan suna bin juna ne: magarya a ƙarshen damina, gawo a farkon rani, mangwaro da kaɗanya da hunturu, ɗorawa kuma gab da bazara. Don haka babbar ɗiba takan faɗo ne kafin saukar ruwan sama.

Mai ɗiba yakan zo da yamma liƙis, sanye da rigar kariya mai raga a fuska, da safar hannu da takalmin roba, ba tare da turare a jiki ba. A cikin gwangwanin hura hayaƙi yana sa totuwar masara ko busasshen kashin shanu, abin da ake so hayaƙi mai sanyi, ba harshen wuta ba. Ya ɗan busa a ƙofar amya, ya dakata kaɗan, sannan ya buɗe ta baya, inda zuma take taruwa. Ya ɗaga sanda a tsaye, kada ya kwantar da ita saƙar ta karye. Ya share ƙudan da gashin tsuntsu, ya yanke saƙar cikin bokiti mai murfi, ya bar kamar faɗin yatsa a jikin sandar don a ɗora sabon gini. Da ya iso saƙar da ke da 'ya'ya sai ya tsaya. Wajibi ne kuma ya bar wa ƙuda rabonsa na zuma, domin da ita zai ci har furanni su dawo, kuma kwaɗayin kwashe ta duka ya raba masu kiwo da yawa da ƙudansu.

A gida ana farfasa saƙar a kan kyalle mai tsabta ko rariya, a bar ta ta tsiyaye da kanta a ɗaki rufaffe. Ba a ɗora zuma a wuta, zafi yana ɓata mata ƙamshi da launi. Sauran saƙar da aka tace kuwa kuɗi ne da ake yawan zubarwa. Idan aka narka shi a ruwan zafi aka tace, kaki zai taso sama ya daskare, kuma masu yin man shafawa da kyandir da man takalmi suna sayen sa.

Akwai ribar da ba ta shiga jarka. Ƙuda yana ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, wanda hakan ke ƙara wa riɗi da kankana da kabewa da auduga yawan 'ya'ya, haka ma kaɗanya. Abin takaici, a waɗannan gonaki ne maganin feshi yake hallaka shi. Manomin da ya zama dole ya yi feshi, gara ya bari sai yamma bayan ƙuda ya koma gida, ya kuma sanar da maƙwabcinsa mai amya tun da wuri.

A kasuwa matsalar zuma ita ce rashin yarda, saboda masu haɗa ta da narkakken sukari sun sa mai saye yana ɗari-ɗari da kowa. Daskarewa ba alamar algus ba ce, zuma ta gaskiya ma tana yin haka, musamman da sanyi. Masu kiwon da suka haɗu a ƙungiya sukan sayi rigar kariya da kayan tacewa tare, su zuba zumarsu a kwalba mai tsabta da sunan garinsu a jiki, su kai wa shagunan magungunan Musulunci da kantunan birni, inda farashi ya fi na mai saye a bakin gona.